Injin Baba Bai Gaji Ba

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, Baba dai ya riga mu tafiya. Ba zan rubuta sunansa ba. Uban mijina ne, ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuwa zan fara yanzu don na iya riƙe biro ba. Duk wanda ya zauna a Rafin Guza ya san Baba mai walda. Wanda bai san shi ba, ya karanta ya sani.

Ranar da ya rasu layinmu bai ɗauki mutane ba. Ni ina ciki wajen mata, kusa da Inna matarsa, amma labarin waje ba ya wuyar shigowa gidan makoki. An ce da liman ya tashi yin magana sai ya nuna masallaci, ya ce ƙofar nan da tagogin nan, har makarar da za a ɗauke shi a ciki, duk aikin hannunsa ne, kuma bai taɓa yarda a yi masa godiya a gaban mutane ba. An ce wani tsohon direba ya zo daga nesa, ya zauna yana ta share ido da hularsa. A ciki kuwa kowace mace da nata: wannan murhunta, waccan hannun tukunyarta, wata gadon aurenta da ya karye tun tana amarya, har yau a kansa take kwana.

Wadda ta fi kowa kuka maƙwabciyarmu ce, wadda ta shekara da shekaru tana tsine wa injin Baba don yana sa ƙwan ɗakinta lumshewa. Tana kuka tana cewa, "Yanzu wa zai riƙa gaya mana an kawo wuta?" Ita ce kuma ta leƙa waje ta dawo ta raɗa mini cewa akwai wasu mutum biyu da ba wanda ya san su, sun zauna dab da injin. Hannuwansu a sama ana addu'a, idanunsu a kan injin. 'Yan gwangwan ne, masu sayen tsohon ƙarfe. Ba walda ta dame su ba, jan ƙarfen da ke naɗe a cikinsa suke so.

Ga abin da ya sa na zauna yin wannan rubutu. Kafin a yi sadakar bakwai, magana ta fara yawo a unguwa cewa aikin Baba na ƙarshe ba shi da kyau, wai shi da injinsa duk sun gaji, sun daɗe suna cutar mutane ba a sani ba. Babban ɗansa kuma, wanda muke kira Yaya Babba, ya riga ya amsa wa 'yan gwangwan su zo su ɗauki injin su fasa. Da an fasa shi, da maganar ta zauna har abada, don babu sauran abin da zai ƙaryata ta. Ni kuwa na ce ba za a binne mutumin nan sau biyu ina kallo ba.

Amma bari in fara gaya muku ko wane ne shi.

Injin ya girme ni a gidan, ya girmi mijina a duniya. Baba ya saye shi ne a hannun wani kamfanin gini da ya tattara ya bar gari. Wani ƙaton akwatin ƙarfe ne cike da mai, ƙafafunsa sun daɗe da nutsewa cikin ƙasar rumfar ƙofar gida. Ba shi da abin murɗawa irin na injinan yanzu. Notuna ne a jere a gabansa, kowane da ƙarfin wutarsa, sai ka kwance waya daga wannan ka ɗaura a wancan. Lambobin da ke jikinsu sun goge tun tuni. Baba da kunne yake zaɓa. Ya ɗaga ƙarfen da aka kawo, ya ƙwanƙwasa shi, ya ɗaura waya, ya saurari kukan injin. Dattijo yake kiransa. In aiki ya yi tsawo sai ya ɗora tafin hannu a jikinsa kamar mai duba zazzaɓin jariri, in ya ji zafi ya ce, "Dattijo zai sha iska," ya zauna. Ko gwamna ne ke jira, sai ya jira.

Kafin ya ɗora sandar walda a kan ƙarfe kuwa sai ya daka tsawa: "Ido!" Don kada hasken ya shiga idon mai wucewa. Ko babu kowa a layi sai ya faɗa. Na taɓa jin ya faɗa wa akuya.

Ni da shi ba mu taɓa magana kai tsaye ba, saboda kunyar surukuta. Sai dai kunyar tamu ta zama wata iri. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara, na gama takaba ina haɗa kayana in koma gidanmu, Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya mini baya, ya ce da bango, "A gaya mata gidan nan gidanta ne. A gaya mata ta kwance kayan nan." Babu kowa a wurin sai ni da shi da bangon. Na ce, "A gaya wa Baba na ji." Daga ranar haka muke magana, har ya koma ga Allah.

Shi ya haɗa mini injin markaɗe, da ƙarafan da ya tsinto nan da can da wata tsohuwar motar juya inji mai aiki da lantarki, ya kafa mini a zaure. Da shi na ciyar da yarana. Kuma a kansa muka yi faɗan da har yau ake ba da labari. Wayarmu ɗaya, shi a waje ni a zaure. Da ya ɗora walda sai injina ya yi nishi ya rage gudu, tattasai ya fito da ɓarzo, mata su yi ta mita. Wata rana na ƙule, na leƙo da hannuna duk jan tumatir.

"A gaya wa Baba Dattijonsa yana shanye mini wuta!"

Bai ko ɗago ba. "A gaya mata Dattijo ya riga ta zuwa gidan nan."

"A gaya wa Baba Dattijo ba shi da marayu!"

Inna ta leƙo tana salati, tana cewa yau ta ga surukar zamani. Ni ma da maganar ta fita na ji nauyinta, amma ban janye ba, ba halina ba ne. Baba ya ajiye gilashinsa na walda, ya ce, "A gaya mata ta yi gaskiya." Tun daga ranar, in an kawo wuta da safe ba ya taɓa injinsa sai matan unguwa sun gama markaɗen rana. Yana zaune, masu aiki suna zaune, wuta tana tafiya. Wasu suka gaji suka koma wani wuri. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Na haura arba'in na shiga makarantar yaƙi da jahilci. A ajin 'yan firamare ake yi mana da yamma, a kan bencinsu. Ni kuwa Allah bai yi ni ƙarama ba. A satin farko benci ya tsage da ni, na zube ƙasa, ƙafafu a sama, har malamar sai da ta juya tana dariya. Na dawo gida na rantse ni da boko har abada. Da magariba na ji murya daga tsakar gida: "A tambaye ta, bencin ne ya faɗi ko karatun?" Washegari da la'asar sai ga kujerar ƙarfe a ƙofar ɗakina, da ɗan faifai a hannun dama na ɗora littafi. Ta kusa fina nauyi. Shi da kansa ya ɗauke ta a ka har ajin, tsoho da furfurarsa, yara suna binsa. Ya dire ta ya ce da allo, "A gaya mata in wannan ta karye, na bar walda." Tana nan a ajin har yau, wasu matan suna zama.

Da na fara haɗa baƙi, ya sa aka kira ni rumfa. Ya goge wani ɗan faranti da ke manne a jikin injin da tsumma, ya ce, "A karanta mana." Ashe shekarun nan duk yana son ya san abin da aka rubuta. Na duƙa na yi ta fama. Ba Hausa ba ce, ba kuma irin Turancin da ake koya mana ba. Na ce, "A gaya wa Baba ban gane ba." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To, ni da 'yar boko duk ɗaya. Mu koma bakin aiki."

Yanzu ga yadda yake aiki, don a nan maganar take. Wutar unguwarmu ba ta da alƙawari, ga shi kuma ya ba ni safiya. Saboda haka in ya samu wuta ba ya tsayawa kan abu ɗaya. Sai ya bi kayan duka, ya daidaita kowane, ya ɗiga walda nan da can don ya tsaya a yadda ake so. Wannan shi yake kira kamu. Abin da aka yi wa kamu, in ka gan shi sai ka rantse an gama, alhali ɗigo ne kawai ke riƙe da shi. Sai ya gama kamu sannan ya dawo ya bi su ɗaya-ɗaya ya cika. Wanda ya cika yakan ajiye shi a dama, jikin bango. Wanda ke kamu yana hagu, gefen kwata. Ba ya ba kowa abin da ke hagu, ko mai shi zai yi birgima.

Ranar aikinsa ta ƙarshe ya gama kamu ke nan wuta ta ɗauke. Ya shigo yana cewa jikinsa ba daɗi. Bai sake fita rumfar ba.

Da aka zo shimfiɗa tabarmin makoki, samarin unguwa, Allah ya saka musu, suka share ƙofar gida tsaf. Na dama da na hagu suka tattara suka jibge wuri ɗaya. Liman ya yi nasiha cewa kada a bar kayan mutane a wuyan mamaci. Yaya Babba ma'aikacin gwamnati ne, a Unguwar Sarki yake zaune, mutum ne mai son ya ga an yi komai a kan lokaci, kuma bai taɓa riƙe sandar walda ba, don Baba tun yana ƙarami ya tura shi makaranta. Ya dubi kayan ya ga duk a haɗe suke. Ya sa aka yi shela kowa ya zo ya ɗauki nasa. Ni ina ciki ina karɓar gaisuwa, ban san an yi ba.

Kurar mai ruwa ce ta fara. Ya cika ta da jarkoki, yana gangarowa ta wajen rafi, hannun ya rabu da jikinta. Jarkoki suka yi ta kansu, ƙarfe ya yanke shi a ƙwauri. Da safe wasu mata biyu suka shigo gaisuwa, suka zauna a bayana suna magana ƙasa-ƙasa.

"Ai tsufa ne. Ido ya tafi."

"Injin ma ai ya gaji. Wa ya san tun yaushe ake ba mu aikin banza."

Na juya na ce, "Wace kura?" Suka faɗa. Na san kurar, a hagu na gan ta ranar da Baba ya kwanta. Sai na tuna abin da ke jingine a jikinta: dogon murhun mai ƙosan bakin titi, wanda take ɗora ƙaton kaskonta a kai.

Ban san lokacin da na figi mayafi ba. Na same ta ta hura wuta, mai ya fara motsi a kasko.

"Ke mai markaɗe, lafiya? Wa ya biyo ki?"

"Iya, sauke kaskon nan."

"In sauke? Yanzu fa zan fara sakawa, ga mutane na jira."

"Na ce ki sauke! Kama can!"

Ta ga fuskata, ta ɗauki tsumma, muka kama muka dire shi ƙasa tana ta faɗa, wai baƙin ciki ya taɓa mini kai. Na ɗauki icen wuta na bugi ƙafar murhun. Ba da ƙarfi ba ma. Ƙafar ta fita, murhun ya kife, garwashi ya watse. Iya ta zauna daɓas a ƙasa. Ta nuna wata 'yar kujera da ke gefen murhun, ta ce, "Nan jikata take zama kullum."

Yinin ranar gida-gida na bi. Duk wanda na tuna kayansa na hagu na ce ya dawo da shi. Wasu suka gane. Wasu suka ce to ai ga shi nan, abin da ake faɗa gaskiya ne ke nan, tunda har 'yan gidan suna karɓe kaya.

Da Yaya Babba ya shigo gaida Inna na tare shi a zaure. Na yi masa bayanin dama da hagu. Ya dafe kai.

"Ƙanwata, wallahi don in sauke masa nauyi na yi."

"Na sani, Yaya. Ka sauke masa kaya, ka ɗora masa magana."

"To a kwashe a kai wani wuri a gyara, ni zan ɗauki nauyi. Akwai masu sababbin injina ko'ina."

"Sai a ce wasu ne suka gyara abin da injin Baba ya ɓata. A'a. A rumfar nan za a cika su, da injin nan, mutane suna kallo."

"Wa zai yi? Ni? Ke?" Ya sassauta murya. "Inji ne fa, ba mutum ba. In aka bar shi ruɓewa zai yi a nan, ko ɓarayi su fasa shi. Na ce wa mutanen nan su zo washegarin bakwai."

"In ya yi aiki kafin nan fa?"

Ya dube ni, ya gaji da ni, kamar yadda kowa ke gajiya da ni. "In ya yi, sai mu gani."

Mutum ɗaya ne a duniya bayan Baba ya san notunan nan. Ɗan ƙanwar Baba ne, muna ce masa Ɗan Goggo. A gidan ya tashi, a rumfar ya koyi sana'a, yanzu shi ma furfura ta kama shi, yana da shagonsa a Kinkinau. Rabuwarsu ba ta yi daɗi ba. Yana saurayi ya yi wa wani ƙofa cikin gaggawa, waldar ba ta kama ba, ya shafe wurin ya bi da fenti. Mai ƙofa ya zo ɗauka, Baba ya zagaya ta, ya ɗauki guduma ya buga sau ɗaya a gaban kowa, ta rabe. Ɗan Goggo ya ji kunya, ya mayar da magana, ya ce ai tsohon injin ne ba ya ba da wuta daidai. Baba ya ce, "Kada hannunka ya sake taɓa injina." Ya tafi. Yana zuwa gaisuwar salla, ya zo jana'iza har ya kama makara, amma ko a zaman makoki can nesa da rumfar ya zauna.

Na hau keke na same shi a shagonsa, da ɗan ƙaramin injinsa mai kamar rediyo. Na zayyana masa komai.

Ya ce, "Matar ƙanena, kin manta abin da Kawu ya ce?"

"Ban manta ba. Unguwa duka ta ji."

"Yana raye ban je na roƙe shi ba. Yanzu da ya kwanta sai in zagaya in taɓa a bayan idonsa?"

"To zauna. Jibi za a fasa shi da guduma a auna a sikeli. Kai ka fara cewa injin ne ba shi da kyau, ga shi yau gari ya ɗauka. Sai ka yi murna."

Na san na soka masa magana. Da gangan na yi. Ya ajiye sandar walda, ya ce, "In Inna ta ce in taɓa, zan taɓa."

Inna tana takaba, tana zaune a kan tabarma da carbinta. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ni na yi wa Inna bayani a madadinsa. Inna ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, kana tsammani kai kaɗai maganar nan ta zauna wa? 'Yan shekarun nan da ƙarfinsa ya ragu, in an kawo babban aiki, ƙofar gida ko tankin ruwa, ina jinsa ta taga yana cewa, ku je Kinkinau wurin yaron nan, yanzu ya iya. Amma kada ku ce ni na turo ku."

Ɗan Goggo ya ɗago. Ina ganinsa yana tuno mutanen da suka riƙa zuwar masa daga Rafin Guza, ba su taɓa faɗin dalili ba.

Inna ta ce, "Girman kai ne irin na gidanku, kai da shi. Tashi ka je ka cika wa kawunka aikinsa. Ni na ce."

Sai kuma wuta ta ƙi zuwa. Ranar bakwai aka yi addu'a aka watse, babu ita. Washegari tun da hantsi mutane suka taru da kayansu, wasu don gyara, wasu don su ga ƙarshen abin. Mai ruwa ya zo yana ɗingishi da ƙafa a ɗaure. 'Yan gwangwan suka iso da motarsu da sarƙa, suka tsaya gefe suna duba agogo. Yaya Babba ya ce su dakata zuwa azahar. Ɗan Goggo ya buɗe murfin ya duba mai, ya goge notunan, ya zauna a ƙasa kusa da injin, ba a kan kujerar Baba ba. Matan da suka kawo markaɗe na ce yau babu, ko an kawo wuta ba zan taɓa nawa ba.

Ana shirin kiran salla yara suka yi ihu daga ƙarshen layi. An kawo.

Ya tashi, ya ƙwanƙwasa hannun kurar, ya ɗaura waya a noti, ya yi bismilla ya kunna. Dattijo ya ɗauki gurnaninsa, wanda nake ji a ƙirjina tun ina amarya. Ɗan Goggo ya karkata kai ya saurara, ya kashe, ya matsa noti na gaba, ya sake kunnawa. Ya rufe fuska da gilashi. Ya ce, "Ido!" Kowa ya kau da kai.

Da ya gama ya kankare ɓawon da ya rufe wurin da guduma, waldar ta fito a jere kamar kitson da aka yi da natsuwa. Ya ja da baya ya ce da mai ruwa, "Gwada." Mai ruwa ba shi da wasa, shi aka yanka. Ya sa aka cika jarkoki aka jera, ya ce wasu ƙarti biyu su hau kai, ya tura ta cikin ramukan layinmu har gangaren da ta karye, ya dawo yana haki. Ya duƙa ya duba wurin, ya shafa da yatsa. Ya ce, "Wannan sai dai titin ya karye."

Ɗaya daga cikin matan nan biyu tana kusa da ni. Ta ce, "Ni dai dama ban ce komai ba." Na dube ta kawai. Albarkacin Baba ta ci.

Babban 'yan gwangwan ya matso wurin Yaya Babba. "Alhaji, to mu fa? Rana tana yi."

Yaya ya je ya buɗe bayan motarsa, ya ciro wata kujerar ƙarfe mai naɗewa, ƙafarta ɗaya tana lilo. Ya tsaya riƙe da ita. Ya ce, ba da kowa ba, "Tun damina take cikin motar nan. Kullum sai in ce gobe zan biya in kawo wa Baba." Sannan ya juya ya ce da su, "Ku yi haƙuri, na ɓata muku lokaci. Yana aiki. Ba na sayarwa ba ne."

Ya nufi rumfa da kujerarsa zai miƙa wa Ɗan Goggo. Iya mai ƙosai ta tare shi da ƙafar murhunta a hannu.

"Alhaji, layi ake bi."

Ya dube ta, ya dubi layin, ya tattare babbar rigarsa ya koma bayanta ya tsaya a rana.

Kafin wutar ta ɗauke an cika na hagu duka, kowa ya ɗauki nasa daga dama. Ɗan Goggo yanzu yana raba sati, wasu ranaku a Kinkinau, wasu a rumfar kawunsa.

Ya Allah, bawanKa ne, Ka fi mu saninsa. Mu dai abin da muka gani muke shaida. Ya riƙe marayu, ya zaunar da ni a gida, ya zaunar da ni a aji, kuma bai taɓa sallamar kayan kowa rabi da rabi ba. Abin da ya rage nasa bai kai ga gamawa ba, Ka cika masa.